Shariyo, gado mai taya da ba wanda ke kallo a asibiti

Sau tara aka ɗaga ƙanena tun daga inda ya faɗi a kan moto har zuwa gadon da ya yi jinya a kai bayan an mishi aiki. Ni na ƙirga, dan ni ne mai jinyar. Daga kan kwalta muka cicciɓe shi muka tura cikin adaidaita, ɗaya kenan, kuma ita ce mafi muni, mu muka yi ta da hannunmu, ni da wasu bayin Allah da suka taru, wani ya kama hammata wani ya kama ƙafar da ta karye, yana ihu muna ce mishi yi haƙuri yi haƙuri. Daga adaidaita zuwa gado mai taya a ƙofar irjans, wato sashen gaggawa, daga nan zuwa teburin hoto, a dawo da shi kan gado mai taya, a sauke shi a gadon ɗaki, washegari a sake ɗora shi, a kai shi bulok, wato ɗakin tiyata, a maida shi teburin aiki, a gama a sauke shi, a dawo da shi ɗaki a kwantar. Ƙashin cinya ne ya karye. Shi kuwa ƙashin cinya in ya karye, cinyar kaɗai tana iya shanye jini lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba ka ga ko ɗigo a waje ba, alhali duka jinin babban mutum bai wuce wajen lita 5 ba, kuma duk wani jijjiga da za a yi mishi bakin ƙashin nan ƙara yankar nama yake daga ciki.

A cikin taran nan, takwas duk da gado mai taya aka yi su, ko ana ɗora shi ko ana sauke shi. Tun lokacin abin ya tsaya mini a rai. Mu ƴan uwan marar lafiya in muna labarin tiyata, labarin likitan da ya yi aikin muke yi, hannunshi na da kyau ko babu, nawa aka kashe a ordonans, jini leda nawa aka ƙara. Ban taɓa jin wani ya ce kai amma fa gadon da aka tura shi a kai yana da birki mai kyau ba. To ni yau shi nake so mu duba.

Ma'aikatan asibiti a nan shariyo suke ce mishi, wasu su ce burankar, ko da yake asalin burankar shi ne wanda ake ɗauka a hannu mutum biyu ko huɗu, wanda tsofaffinmu ba sa son ko kallonshi dan yana musu kama da makara. Na ga tsohuwa ta ƙi hawa shariyo ƙiri-ƙiri ta ce ita da ƙafarta za ta shiga, ai ba ta mutu ba. Ban ga laifinta ba, amma an riga an mata allurar da ke sa jiri, da an biye mata da a barandar nan za ta zube. Shariyo ya fi gadon ɗaki siranta dan ya shige ƙofa ya juya a kwana, ya fi shi tsawo daga ƙasa dan ya zo daidai da teburin aiki, katifarshi kuma siririya ce. Waɗannan abubuwan da suka sa ya yi amfani su ne kuma hatsarinshi, siriri ne mutum na iya mirginowa, dogo ne in ya faɗo da nisa zai faɗo, katifar ba ta dogon kwanciya ba ce.

Abin da ya sa na ce a ɗauki maganar da muhimmanci, akwai wani babban bincike da aka yi a ƙasashen Afirka 25, aka fitar da shi a mujallar Lancet a 2018, Farfesa Bruce Biccard na Afirka ta Kudu ne ya jagorance shi. Sun bi marasa lafiya fiye da 11,000 da aka yi wa tiyata, suka ga cewa duk da majinyatanmu sun fi na ƙasashen Turawa ƙuruciya kuma aikin da ake musu bai kai nasu nauyi ba, haɗarin mutuwa bayan aiki ya ninka na sauran duniya sau biyu. Kuma wanda ya fi ɗaure mini kai, kashi 94 cikin 100 na waɗanda suka rasu ba a ranar aikin suka rasu ba, daga baya ne. Wato wuƙar likita ta gama lafiya, an ɗinke, an fito, sai abu ya lalace a hannun kulawa. Ba ina cewa shariyo ne ya kashe su ba, a'a, dalilan suna da yawa, ƙarancin ma'aikata ne kan gaba. Amma ita wannan kulawar ta bayan aiki a kan shariyo take farawa, minti na farko da aka zare mutum daga na'urorin bulok a kanshi yake.

Ka yi tunanin yadda mutum yake a wannan lokacin. A cikin bulok akwai na'ura tana ƙirga bugun zuciyarshi, wata na auna tansiyo, wata na ba shi oksijen, mai sa barci na tsaye a kanshi bai ɗauke ido ba. An gama, an cire komai, an ɗora shi a shariyo, bai farka ba sosai bai kuma yi barci ba. Naman wuya da harshe duk sun saki, in yana rigingine harshen na iya komawa baya ya toshe maƙogwaro, ka ji yana wani irin minshari ka ce barci yake mai daɗi alhali numfashi ne ke neman hanya. Maganin barcin kuma yana tayar da zuciya, shi kuma tari da haɗiya da ke tsare mu in abu ya nufi huhu ba su dawo ba tukuna, in ya yi amai a rigingine aman zai gangara huhu, kuma ruwan ciki akwai asid, yana ƙona huhu. Shi ya sa ake hana mutum ci da sha kafin aiki, amma wanda aka kawo da hatsari ko mai naƙuda ko wanda hanjinshi ya huje saboda taifot, wanda kowa ya san muna fama da shi a yankin nan musamman yara, su ai ba su yi shirin azumi ba, cikinsu a cike ake ɗauka.

Nan ne za ka gane bambancin shariyo na gaske da ƙarfe huɗu da aka sa wa taya. Na gaske yana da wani hannu ko abin takawa da in an danna, gefen kai ya sunkuya ƙasa ƙafafu su ɗaga, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Sai a juya mutum gefe, aman ya zubo ta baki ya bar hanyar huhu, a sa na'urar zuƙa a tsotse sauran. Sunan wani likitan Jamus na ƙarni na 19, Trendelenburg, aka sa wa wannan kwanciyar. A ƙa'idar masu sa barci, gadon da ba ya iya sunkuyar da kai bai cancanci a ɗora mishi wanda ke farfaɗowa daga tiyata ba. In babu, sai dai mutum uku su yi ta kokawar juya shi da hannu, ga ciki an ɗinke, ga robar fitsari, ga ƙarin ruwa, lokacin kuma ba ya jira. Ƙwaƙwalwa in ta rasa oksijen minti 4 zuwa 5 ta fara lalacewa kenan, kuma wallahi akwai wuraren da tafiya daga bulok zuwa ɗakin kwanciya ta fi haka tsawo.

Shi ya sa ƙarƙashin shariyo mai kyau za ka ga wani kwando ko ramin da aka yi wa kwalbar oksijen. Ƙaramar kwalba irin wadda ke ɗaukar lita 600 da ɗoriya, in ana ba mutum lita 5 a minti za ta kai shi wajen awa biyu, in lita 10 ne awa ɗaya da ƴan mintoci, lissafin da ya kamata wani ya yi kafin a fita ƙofa kenan, ba sai an kai tsakiyar fili a ga allura ta kwanta ba. Inda babu mazaunin kwalba, a tsakanin ƙafafun marar lafiya ake kwantar da ita, ƙarfe mai nauyi yana birgima yana bugun ƙauri, ko kuma a ba wani ɗan uwa ya rungume yana bi da sauri, ya ɗan yi baya kaɗan roba ta fizge. Sai ɗan abin nan da ake maƙala wa a yatsa mai nuna lamba, oksimeta, bai kai ƙaramar waya girma ba. Mai lafiya yana nuna 95 zuwa sama, in ya sauka ƙasa da 90 akwai matsala, kuma yana ganin matsalar tun kafin idonka ya gani, balle mu baƙaƙen fata da ba a saurin ganin leɓenmu ya canza launi, ga dare ga baranda ba wuta. Har ƙungiya guda aka kafa a 2011, Lifebox, dan kawai a raba irinshi a ɗakunan tiyata na ƙasashe marasa ƙarfi. Shariyo da ke da wurin ɗora shi inda mai turawa zai riƙa ganin lambar ya riga ya rage hatsarin tafiyar.

Ƙarfen gefe kuwa, wanda ake ɗagawa kamar shinge, shi ne wanda mu masu jinya muka fi raina wa wayo, mu ne ma ke sauke shi dan mu samu wurin zama ko mu ba da ruwa mu manta ba mu mayar ba. Akwai maganin barci da ake yawan aiki da shi a asibitocin Afirka, ketamin, yana da kyau sosai dan ba ya faɗar da tansiyo kuma mutum na ci gaba da numfashi da kanshi, amma wurin farkawa wasu gane-gane suke yi, su yi ta fizge-fizge suna sambatu, ka ji ana cewa aljanu ne suka tashi, maganin ne ke fita. Mutum a haka a kan gado siriri mai tsawo ba shinge, juyi ɗaya ya ishe shi. Mace kuma da aka yi wa sezariyan da allurar baya idonta biyu, tana magana da kai garau, sai ka ɗauka lafiya lau take, alhali daga ƙugu zuwa ƙasa ba ta jin komai har awa biyu ko uku, ƙafarta na iya zamewa ta rataya a gefe ta daki bakin ƙofa ba ta sani ba.

Amma lokacin da ya fi ba ni tsoro, tunda na gani da idona, shi ne na sauyawa daga shariyo zuwa tebur ko gado. Daƙiƙa goma ne ko ƙasa da haka, mutum ba ya nan ba ya can, yana kan zane a tsakani. In birki bai kama ba, da an jingina nauyi sai shariyo ya sulale baya, rami ya buɗe tsakaninshi da tebur, kuma wanda ke barci ba zai tare da hannu ba. Masu kyau suna da feda ɗaya da ke kulle tayoyi huɗu gaba ɗaya, tsofaffi kuwa kowace taya da nata ɗan birkin, sau da yawa biyu sun mutu, sai ka ga mai turawa ya tokare da gwiwa ko ya sa ƙafa a bayan taya. Haka tsawo. In shariyo na hawa da sauka, sai a taka shi ya zo daidai da tebur a zame mutum a kan allo mai santsi ba tare da an ɗaga shi ba ma. In ba ya yi, dole a ɗaga, mutum huɗu a kama zane, kuma ɗagawar nan ce ke fizge allurar ƙarin ruwa daga hannu, ta ja robar da aka sa a ciki dan fitar da ruwa, ta motsa karaya, ta kuma ci bayan ma'aikata, ciwon baya ai ya zama ruwan dare a aikin anfirmiye a duk duniya. Ranar ƙanena wani dattijo ne burankardiye, wato mai tura shariyo, na miƙa hannu zan kama ƙafa ya ce mini "ɗana tsaya, kai riƙe ledar ruwan nan ka ɗaga ta sama, kar ka taɓa ƙafar, kuma kowa ya jira sai na kai uku." Ya duba birki da ƙafarshi, ya zagaya ya ga roba ba ta maƙale ba, ya sa mutum ɗaya aikinshi kawai ya riƙe ƙafar a miƙe yana ɗan ja, sannan ya ƙirga. Ƙanena ko uhum bai ce ba. Na tuna yadda muka tattaro shi a kan titi jiya, kunya ta kama ni. Na ce sannu Baba, ya ce yawwa, ya tura abinshi.

In ana zargin wuya ko gadon baya ya taɓu abin ya fi haka tsauri, mutum ɗaya ne zai riƙe kai shi ne kuma mai ba da umarni, sauran uku su juya jikin gaba ɗaya kamar gungume, kai da kafaɗa da ƙugu a layi ɗaya. Dan irin waɗannan ne aka ƙera shariyon da hasken hoto ke ratsa shimfiɗarshi, akwai wata aljihu a ƙasa da ake zura farantin hoton, sai a ɗauki hoton mutum yana kwance inda yake. Da irinshi aka samu, ɗagawa biyu sun fita daga cikin taran ƙanena.

Sai maganar taya, wadda ita ce tamu ta nan Damagaram. Masu ƙera waɗannan gadaje a Turai da Sin suna tunanin gini ɗaya ne mai bene da lifta, ƙasa sumul kamar faranti. Asibitocinmu da yawa ba haka aka gina su ba, gini-gini ne a warwatse, irjans nan, ɗakin hoto can, bulok can, ɗakin kwanciya a wani gefe, tsakaninsu baranda ce ko siminti da ya tsattsage ko ma rairayi. Ƙaramar taya tana cijewa a duk wani tsagi, ta nutse a yashi, sai an ɗaga an girgiza. Babba, mai faɗin kamar santimita 20, tana haye wa. Ga ƙurar hunturu da ke shiga boris ta haɗu da maiko ta zama kamar kwaɓaɓɓen yashi, ga zare da gashi da guntun bandeji da ke naɗewa a gindin taya, wata rana sai ka ga taya ɗaya ta daina juyawa ana jan ta tana kuka, gadon na karkata gefe ɗaya kamar kurar ƴan ga-ruwa da ta yi faci. Wasu shariyon suna da taya ta biyar a tsakiya wadda ke sa gado ya miƙe ya kuma juya a kan kwana da mutum ɗaya, ba sai ana dukan bango ba. Kuma ƙafa ce ke gaba wurin tafiya, mai kula yana ta wajen kai yana kallon fuska da ƙirji, ba ya juya wa marar lafiya baya. A hunturu da asuba kuma a rufe shi da bargo, dan wanda aka sa wa maganin barci jikinshi ba ya riƙe ɗumi, in zafin jiki ya sauka ƙasa da digiri 36 jini ba ya saurin tsayawa, ciwon ma ya fi saurin kama ƙwayar cuta.

Yadda aka kwantar da mutum ma magani ne. Mai ciki da ya wuce wata biyar ba a barin ta rigingine sak, nauyin mahaifa na danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, tansiyo ya faɗi, jinin da ke zuwa wa jariri ya ragu, gefen hagu ake karkata ta. Wanda ya bugu a kai ana ɗaga mishi gefen kai kamar digiri 30. Mai haki a zaune ya fi samun numfashi. Duk wannan sai in majinginin baya na ɗagawa yana kuma tsayawa inda aka tsayar da shi, ba wanda ake tokarewa da kwali ko ƙunshin kaya ba. Ka tuna kuma mai naƙudar nan wataƙila daga wajen Tanut ko Gure aka taso da ita, fiye da kilomita 100 a bayan ambilans, kafin nan ma ta yi awanni a amalanke zuwa asibitin ƙauye, ta iso babu sauran ƙarfi. Tun 2005 aka yi dokar sezariyan kyauta a ƙasar nan ta Nijar, hakan ya buɗe wa mata da yawa ƙofa, kuma duk wadda ta shigo ta wannan ƙofar a kan shariyo za ta ƙarasa.

Katifa ita ma da nata. Shariyo ɗaya a yini yana ɗaukar mai jini, mai ruwan ciwo, mai gudawa, mai sabon ɗinki. In ledar katifar lafiya take, a goge da ruwan jabel mai kashe ƙwayar cuta tsakanin mutum da mutum shikenan. In ta yage ko da tsawon ɗan yatsa ne, soson ciki ya sha, kuma soso ba ya wankuwa, duk wanda ya kwanta nauyinshi zai matso abin da ke ciki. Hukumar lafiya ta duniya ta ce a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kashi 11 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyata ciwonsu na kama ƙwayar cuta, a Afirka kuma har kashi 20 na matan da aka yi wa sezariyan. Kowane ɗaya a cikinsu ƙarin kwanaki ne a asibiti, ƙarin ordonans, wata tunkiya ko buhun hatsi da za a fitar. Shi ya sa a bulok da aka tsara da kyau shariyon waje ba ya shiga ciki, akwai iyaka, a nan ake sauya mutum zuwa na ciki, tayar da ta taka fili ba ta taka inda ake buɗe ciki. Jabel ɗin kuma yana cin ƙarfe in ba mai hana tsatsa ba ne, ka ga gadon da aka yi wa fenti kawai shekara kaɗan ya fara ɓarewa, ɓawon tsatsa kuma maɓoyar datti ce. Ga mu a garin da ruwa kanshi sai an yi tanadi. Sannan siririyar katifar nan, wanda ba ya iya juyawa da kanshi in aka bar shi a kai ƴan awanni fatar ɗuwawu da diddige na fara mutuwa daga ciki, gyambon kwanciya kenan, tsofaffi da ramammu ya fi kamawa.

Wannan ya kawo ni kan abin da ke ɓata wa bulok lokaci. In gadajen ɗaki suka cika, shariyo ne ke komawa gado, a bar mutum a kai a baranda ya kwana. Ba a yi dan mugunta ba, ina za a kai shi? Amma shariyon da ya zama gado ya fita daga aiki, sai bulok ta gama da mutum ta rasa abin da za ta sauke shi a kai, shi yana kan tebur yana jira, na gaba yana ɗaki yana jira, likita da mai sa barci da anfirmiye duk sun harɗe hannu. Minti 20 nan, minti 30 can, a ƙarshen yini aiki ɗaya ya faɗi, a ce wa wani bawan Allah da ya wuni da yunwa tun daren jiya sai gobe, ko sai wani sati, shi kuma daga Magarya ko Dungas ya zo, kuɗin mota da na abincin masu jinya na ta tafiya. Kwamitin Lancet na 2015 ya ce mutum biliyan 5 a duniya ba sa samun tiyata mai inganci da za su iya biya a lokacin da suke buƙata, kuma ana buƙatar ƙarin aiki miliyan 143 a kowace shekara. Horar da likitan tiyata ɗaya shekaru ne fiye da goma daga shiga jami'a. A ce wanda aka sha wannan wahalar kafin a samu yana zaune yana jiran gado mai taya, abin na ci mini rai. A ƙasashen da ke yin ƙananan ayyuka a sallami mutum a ranar, sun ma ƙera shariyon da shi ne teburin aikin, a kai za ka hau, a kai za a sa ka barci, a yi aikin, ka farka, ba a ɗaga ka ko sau ɗaya ba. Irin aikin gwaiwa da na ido da muke da su birjik sun dace da wannan.

Dosiye, wato takardun marar lafiya, ma tare da mutum take tafiya, a aljihun shariyo ko a ƙarƙashin katifa ta wajen ƙafa, da hoto da takardar jini. A garin da layi ɗaya za ka samu Musa uku da Hadiza huɗu, tambayar suna a bakin ƙofar bulok ba ɓata lokaci ba ne. Takardar bincike ta hukumar lafiya ta duniya da aka fitar a 2008, mai tambaya 19, da wannan take farawa, wane ne wannan, wane aiki za a yi mishi, wane gefe. Da aka gwada ta a asibitoci takwas, har da ɗaya a Ifakara ta Tanzaniya, mutuwa ta sauka daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin 100. Galibi mutum yana kan shariyo ake mishi waɗannan tambayoyin na farko, idonshi biyu, zai iya cewa a'a ƙafar hagu ce.

To wane iri ya kamata a saya? Ni a ganina ba mai lantarki ba. Yana da kyau a hoto, danna maɓalli ya hau ya sauka, amma batir na mutuwa da zafin da muke sha a watan Afrilu da Mayu, wuta na ɗaukewa, in ƙwaƙwalwarshi ta ƙone ba mai gyara sai an aika Yamai ko waje. Wanda ake takawa da ƙafa kamar jak ɗin mota ya fi mana, bakanike mai hankali zai gane shi. Kuma duk mai saye ko mai ba da kyauta, dan Allah ya haɗo da tayoyi na canji da ledar katifa, dan su ne ke fara mutuwa. Na taɓa ganin bayan wani asibiti a wani gari an jibge shariyo sun fi biyar a rana, ƙarfensu garau, abin da ya kashe su taya ce kawai. Masu waldarmu da ke ƙera ƙofofi da gadaje da amalanke za su iya gyara ƙarfen gefe, su yi sandar rataya ƙarin ruwa, su yi mazaunin kwalba, in an nuna musu abin da ake so da ma'auni. Abin da bai kamata a bar wa ƙiyasi ba shi ne birki da abin sunkuyar da kai da nauyin da gadon zai ɗauka, waɗannan sai an gwada. Ƴan kasuwarmu da ƙungiyoyin ƴan gari da ke son yin sadaka a asibiti cikin azumi, kafin a sayi shinkafa da sabulu a je a tambayi majo na bulok, wato shugaban anfirmiye na wurin, shariyo nawa ne ke tsaye saboda taya.

Shi kuma mai turawar, a tsarin asibiti can ƙasa ake lissafa shi, wasu ma ɗan aike suke ɗaukarshi, a tura shi sayen kati ko kai takarda. Alhali a mintocin nan na tsakanin bulok da ɗaki wani lokaci shi ne mafi kusa da fuskar marar lafiya. Ya kamata a koya mishi ya bambanta minsharin barci da na toshewar maƙogwaro, ya iya ɗaga haɓa ya buɗe hanyar numfashi, ya iya karanta lambar oksimeta, ya san lokacin da zai tsaya ya ƙwala kira, kuma wanda bai gama farkawa ba kar a bar shi da shi kaɗai, anfirmiye ya raka. Mu ma masu jinya da namu laifin, mu cika baranda mu goma sha, kowa na son ya taɓa, a shimfiɗa tabarmi da kwanoni a hanya sai an ce a gyara a gyara, wani ya ga leɓe ya bushe ya ɗiga mishi ruwa ko rubutu a baki alhali bai iya haɗiya ba tukuna. Addu'a daga nesa ma tana isa. Da aka fito da ƙanena, Inna ta taso da sauri da ƴar butarta, dattijon nan bai ɗaga murya ba, ya ce "Hajiya a yi haƙuri, ba yanzu ba, sai majo ya ce a ba shi." Ta koma ta zauna. Ya shiga da shi ɗaki, ya taka birki, ya jira aka zo mutum huɗu, ya ƙirga uku, ya ɗaga ƙarfen gadon, sannan ya ɗauko tsumma da ruwan jabel ya goge katifar tun daga kai har ƙafa, dan akwai wata yarinya da ke jira a irjans.